Ƙara wa Injin Turbo Ƙarfi a Ƙasar Zafi da Ƙura: Abin da Ya Dace da Motocin Dutsin-Ma da Kurfi

Injin mota yana samun ƙarfinsa ne daga ƙona mai a cikin silinda, mai kuwa ba ya ƙonewa sai da iska. Injin fetur yana buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone kilo 1 na fetur ƙurmus. Ƙara mai ba wuya, ko wane famfo zai iya; shigar da iskar da za ta ƙone shi ne aiki. Saboda haka duk wata dabarar ƙara wa inji ƙarfi, idan aka bi diddiginta, dabarar ƙara masa iska ce. Injin da ba shi da turbo da kansa yake zuƙar iska yayin da fistin ke sauka, kuma ba zai samu fiye da abin da nauyin iskar sarari ya tura masa ba, wato kimanin bar 1. Turbo kuwa cusa masa ita yake yi da ƙarfi, kamar yadda zugazugi ke yi wa wutar maƙeri.

Turbo fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Ta farko tana kan hanyar hayaƙin da ke fita, hayaƙin ne ke juya ta. Ta biyu tana zuƙo iska daga matata ta danna ta cikin inji. Ribar tsarin ita ce abin da ke juya shi da ma asara zai tafi, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da inji ya ƙone ta salansa yake fita. Sandar turbon ƙaramar mota tana juyawa fiye da sau 150,000 a minti, wasu har sun haura 200,000, alhali injin kansa da wuya ya wuce 6,500. Hayaƙin da ke dukan fankar a injin fetur yakan kai digiri 900 ko fiye, kuma abin da ya raba wannan sanda da gidanta ɗan siririn baƙin mai ne kawai. A gefen turbon akwai wata 'yar ƙofa, wesget, da ke buɗewa idan matsin iska ya kai iyakar da aka yanka, sai wani hayaƙin ya kewaye fankar. A motocin yanzu kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira birenbos, ita ce ke ba ƙofar umarni. Da an jinkirta buɗe ta, matsi ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru, kuma ta wannan ƙofar ce injuna da yawa suka mutu.

Alfred Büchi, injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya yi rajistar wannan fasaha a 1905. Ta daɗe a manyan injunan jiragen ruwa da na ƙasa da na sama kafin ta sauko ƙananan motoci a 1962, lokacin da aka fitar da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair mai turbo a Amurka. Jetfire ba ta wuce shekara biyu a kasuwa ba. Matsin silindarta ya yi yawa, sai da aka riƙa fesa mata haɗin ruwa da metanol domin sanyaya wutar, masu motar kuwa sukan bar tankin ruwan ya ƙafe. Tun daga wannan mota zafi ne babbar matsalar injin turbo na fetur. Mercedes ta kawo turbo a ƙaramar motar dizal a 1978, Peugeot ta biyo da 604 a 1979. Daga shekarun 2000 dokokin hayaƙi na Turai da Amurka suka sa kamfanoni rage girman inji su cike giɓin da turbo, irin su TSI na Volkswagen da EcoBoost na Ford da ya fito a 2009. Waɗannan motoci ne yanzu suka tsufa a can, suke shigowa ta Legas da Kwatano.

Ma'aunin ƙarfin doki daga James Watt ya samo asali, doki ɗaya daidai yake da wat 746. Na Turai ya ɗan gaza, wat 735. Amma abin da direba ke ji a bayansa idan ya taka totur ƙarfin murɗawa ne, wanda ake aunawa da Nm. Lissafin da ya haɗa su mai sauƙi ne: a ninka Nm da yawan juyi a minti, a raba da 9,550, sai a sami kilowat. Injin da ke ba da Nm 260 a juyi 5,000 yana ba da kilowat 136, wato dawaki 183. Turbo ƙarfin murɗawa yake ƙarawa, tun daga ƙananan juyi, kuma shi ne ke cin kuloci da giya da mital, ba adadin dawakin da ake fahariya da shi ba.

Motocin da abin ya shafa a wannan yanki

Mafi yawan motocin haya da ke zirga-zirga daga Katsina ta Batagarawa da Kurfi zuwa Dutsin-Ma, da waɗanda ke wucewa Kankara, na fetur ne marasa turbo, haka ma Corolla da Camry da tsofaffin Honda da ke cika harabar Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Ko Hilux ɗin da aka fi gani a ma'aikatu mai injin fetur ce, lita 2.7, ba turbo. Masu turbo kashi uku ne. Akwai manyan motoci, tirela da tifa da masu ɗaukar hatsi da shanu ranar kasuwa, waɗanda kusan duk na zamani turbo ne da su. Akwai na dizal ƙanana, Hilux mai D-4D da Golf da Passat da Sharan masu TDI. Sannan akwai na fetur da ke ƙaruwa shekara bayan shekara: Passat da Audi masu 1.8T da 2.0, Mercedes C300 daga 2015, Lexus NX200t, Honda Civic daga 2016 da Accord daga 2018 masu lita 1.5.

Batun ɗora turbo a kan injin da aka ƙera ba tare da shi ba, gajere ne. Matsin silindarsa yana wajen 10 zuwa 1 ko fiye, fistin ɗinsa da kwamfutarsa da hanyar baƙin mansa ba a yi su don wannan zafi ba. Kuɗin da za a kashe a yi aikin daidai ya isa a sayar da motar a ciko a sayi mai turbo daga kamfani.

Zafi, mai da ƙura

Duk iskar da aka matse zafi take yi, iska mai zafi kuwa buɗewa take, ba ta da nauyi. A Afrilu da Mayu zafin rana a tsakiyar jihar Katsina yakan kai digiri 40, iskar da ke saman kwalta ma ta fi haka. Idan turbo mai ingancin kashi 70 cikin ɗari ya ɗauki iskar digiri 40 ya ninka matsinta biyu, za ta fito da zafin kimanin digiri 138. Mai motar yana ganin bar 1 a agogo, yana zaton iskar ta ninku biyu, alhali nauyin da ya shiga silinda bai wuce ninki ɗaya da rabi ba. Idan aka bi da ita ta intakula, wato lagireton iska da ke gaban mota, wanda ke cire kashi 70 na zafin da aka ƙara, sai ta sauko wajen digiri 70, nauyinta ya kai ninki 1.8. Turbo ɗaya, matsi ɗaya, amma an sami ƙarin iska kusan kashi 20 daga sanyayawa kawai. Akwai kuma tudu. Dutsin-Ma tana sama da mita 500 daga gaɓar teku, inda nauyin iska ya ragu da kusan kashi 6; turbo yana cike wannan giɓi ne ta hanyar ƙara juyi, wato ya riga ya ci wani abu daga rarar da kamfani ya bar masa tun ba a taɓa shi ba.

Rashin nauyi ƙaramar illa ce idan aka kwatanta da ta biyu. A injin fetur fulogi ne ke kunna wuta, wutar ta bi haɗin mai da iska a jere har ta cinye shi. Idan haɗin ya yi zafi da yawa ko matsi ya yi yawa, ragowar da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa, girgizar ta daki kan fistin da bangon silinda, a ji ƙarar ƙas-ƙas a lokacin hawa ko ɗaukar kaya. Wannan ƙwanƙwasa ita ce ke karya gefen fistin inda ringi ke zama, ta narkar da bakin fulogi, ta ƙone gaskit, ta daddaki mital har inji ya buga. A injin turbo da ke kan cikakken matsi daƙiƙoƙi kaɗan sun isa. Kwamfuta tana da sensa da ke jin wannan ƙara, da ta ji sai ta jinkirta wutar fulogi. Injin ya tsira, amma ƙarfi ya ragu, hayaƙi ya ƙara zafi, mai ya ƙara tafiya. Ke nan motar turbo da ke kan hanyar Kurfi da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu, sau da yawa ko dawakin da kamfani ya rubuta mata ba ta bayarwa.

Abin da ke hana fetur fashewa da kansa shi ne okten. Ma'aunin da aka gindaya wa fetur a Najeriya yana wajen 91, kuma nau'i ɗaya ne ake samu a famfo. A Turai na yau da kullum 95 ne, akwai kuma 98 ga mai so. Motocin Amurka suna zuwa da ruɗani, domin lissafinsu dabam ne: 87 ɗinsu yana kusa da 91 na nan, 91 ɗinsu kuwa yana kusa da 95. Accord mai lita 1.5 an ƙera ta don ta sha 87 na Amurka, saboda haka man ƙasar nan ya yi mata. C300 kuwa 91 na Amurka take nema, wato ko a tsarin kamfani man da ake zuba mata a nan bai kai abin da take so ba. Wannan duk idan man tsabtatacce ne. Wanda ya kwana a galan cikin rana wurin 'yan bumburutu ya riga ya rasa wani ɓangarensa mai saurin tashi, idan kuma an sirka shi da kananzir okten ɗinsa ya faɗi warwas. Ko na gidan mai ba kullum yake da tabbas ba, kamar yadda aka gani a Fabrairun 2022 lokacin da aka shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima, motoci suka lalace a Legas da Abuja. Matatar Dangote ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, amma ƙa'idar mai gyaran inji ba ta canza ba: da mafi munin man da motar za ta iya sha ake lissafi, ba da mafi kyau ba.

Ƙura kuma aikinta a hankali take yi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika sarari da ita, hanyoyin ƙauyuka da na gonakin rani da ke kewayen madatsar ruwa ta Zobe kuwa ba su rabuwa da ita sai da damina. Ƙwayar yashi da ta daki fankar da ke irin wancan juyi tana gutsurar bakinta. Da bakin ya ci, fankar ta rasa daidaito, sanda ta fara rawa, baƙin mai ya fara bi ta bututun iska. Shi ya sa cire akwatin matatar iska a sa irin buɗaɗɗiyar nan mai siffar mazurari kuskure ne a wannan ƙasa. Tana ƙara ƙara, tana barin ƙura, tana kuma shan iskar da ke cikin bonet mai zafi. Haka nan kai matatar takarda wurin mai faci ya hura ta da iskar taya yana yayyaga ƙananan ramukanta. Sabuwar matata ta fi sabon turbo arha nesa ba kusa ba.

A fara da dawo da abin da ya ɓace

Motar da ta yi shekara goma ko goma sha biyar a Turai kafin ta iso nan ta riga ta zubar da wasu dawakinta a hanya. Aikin farko shi ne dawo da su, kuma sau da yawa da an yi shi mai motar ya sami abin da yake nema. A gwada matsin kowace silinda. Bambancin da ya wuce kashi 10 tsakaninsu alama ce cewa injin gyara yake buƙata, ba ƙari ba. A toshe bututun iska a hura masa matsi don gano yoyo, domin tsagar da ba ta kai tsawon yatsa ba a jikin roba tana sa turbo ya yi ta wahala a banza. A taɓa sandar turbo a ji ko tana motsi gaba da baya. A sa na'urar bincike a soket ɗin OBD, wanda ya zama wajibi a motocin Amurka tun 1996 da na fetur a Turai tun 2001, a karanta yawan gyaran mai da kwamfuta ke yi da yawan jinkirta wuta, ba a tsaya ga share fitilar da ta kama ba. A duba fulogi da kwayil da sensar iska da famfon mai.

Akwai al'adu biyu na gareji da ya kamata a bari idan an zo kan injin turbo. Ɗaya ita ce cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, da sunan wai motar ƙasar sanyi ce. Tamostat yana riƙe inji ne a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 82 zuwa 90 a mafi yawan motoci. Babu shi, da sanyin safiyar hunturu kwamfuta za ta yi ta zuba mai da yawa, man ya wanke bangon silinda ya gangara ya tsinka baƙin man da turbo ya dogara da shi. Motar da ke ɗaukar zafi, lagiretonta ne ya toshe, ko famfon ruwa, ko murfi, ko gaskit. Ta biyu ita ce zuba ruwan rijiya ko na burtsatse a lagireto. Yana barin tsatsa da ɓawon gishiri, yana kuma saurin tafasa, alhali ruwan sanyaya inji na gaskiya, a ƙarƙashin murfi mai lafiya, yana haura digiri 120 bai tafasa ba.

Baƙin mai kuwa ba wurin tsimi ba ne. Mai kauri irin 20W-50 da aka saba zuba wa kowace mota yana jinkirin isa sandar turbo da safe. A bi abin da littafin motar ya ce, a nemi na haɗin sinadari mai alamar API SP, wadda aka fito da ita a 2020, tana kuma ba da kariya daga wata irin fashewa da ke samun ƙananan injunan turbo idan aka taka totur a babbar giya mota na tafiya a hankali. A wannan ƙura, juye shi a kilomita 5,000 ya fi dacewa da dogon wa'adin Turai. Bayan doguwar tafiya kuma, a bar inji a kunne minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, don kada man da ke cikin turbo ya tsaya ya ƙone ya toshe hanyarsa.

Ƙarin ƙarfi da tsarinsa

A Turai an saba farawa da kwamfuta, a kira shi matakin farko. A Katsina ya kamata a fara da intakula, saboda lissafin da ya gabata. A wanke wanda ke jiki ciki da waje, a tabbatar ba a tare masa iska da ƙarfen kariya ko manyan fitilu ba, idan ƙarami ne a sa mafi girma. Shi kaɗai ne gyaran da ke ƙara ƙarfi yana kuma ƙara wa inji kwana. Sai hanyar hayaƙi: turbo yana son hayaƙin da ya wuce shi ya fita ba tare da cikas ba, indomi kuwa, wato abin da ke tace gubar hayaƙi, idan ya toshe yana shaƙe shi. Maganin toshewa sauyawa ne. Fasa shi a sayar, wanda ake yi saboda ma'adinai masu tsada da ke ciki irin su filatinam, yana sakin iskar guba ga duk wanda ke bayan motar, yana kuma iya sa matsi ya zarce abin da wesget ke iya riƙewa.

Bayan nan ne ake zuwa ga kwamfuta. A cikinta akwai jadawalai da ke faɗin yawan matsi da yawan mai da lokacin wuta a kowane juyi da kowane nauyi. Kamfani yana barin rara saboda bambancin mai da yanayin ƙasashe, mai sake rubuta jadawalin kuwa wannan rarar yake ci. A ƙasashen sanyi masu man 98 ana samun ƙarin kashi 15 zuwa 30. Matsalar ita ce rarar da yake ci, ita ce ainihin wadda kamfani ya bari domin wuri irin Dutsin-Ma. Fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet, wanda aka rubuta don Jamus, idan aka ɗora shi a motar da ke shan 91 a zafin digiri 40, ko dai kwamfuta ta yi ta ja da baya har ƙarin ya tashi a banza, ko fistin ya tafi. Aikin ƙwarai ana yin sa ne a kan motar kanta, da man da za ta riƙa sha, ana karanta zafin iska da jinkirin wuta da yawan mai a hayaƙi. A cikakken matsi ana son haɗin ya sauko wajen 12 zuwa 1 ko ƙasa kaɗan, domin rarar man tana sanyaya silinda. A injin fetur mai lafiya, ƙarin kashi 10 zuwa 15 shi ne abin da hankali zai ɗauka a wannan yanayi.

Kamfanonin da kansu sun nuna abin da babban ƙari ke buƙata. Injin 1.8T na Volkswagen yana ba da dawaki 150 a Passat, amma ya ba da 225 a Audi TT. Kafin a kai can sai da aka sa masa babban turbo, K04 a madadin K03, aka ba shi intakula biyu, aka kuma rage matsin silinda. Injin Hilux mai lita 2.5, wato 2KD, ya fito da dawaki 102, sannan 120 da intakula, sannan 144 da turbo mai sauya faɗin hanyar hayaƙi. Mai lita 2.8 ya tashi daga 177 a 2015 zuwa 204 a 2020, shi ma da sabon turbo da ingantaccen tsarin sanyaya. A waɗannan misalai babu inda kamfani ya ƙara matsi shi kaɗai. Babban turbo kuma yana da nasa farashi: yana jinkirin tashi, motar ta yi sanyi a cikin gari sai an kai babban juyi, yana kuma jawo manyan injekta da famfon mai, wani lokaci har fistin da konrod. Kayan irin wannan aiki da ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna galibi na hannu ne, sai an gwada kafin a ɗaura.

Hanyoyin yanke suna da yawa kuma duk sanannu ne: ɗaure sandar wesget, cire robar da ke kai mata matsi, ko sa wani ɗan akwati da ke yi wa kwamfuta ƙaryar abin da sensa ta gani. Dukkansu suna ƙara matsi ba tare da kwamfuta ta san gaskiyar abin da ke faruwa ba. Akwai kuma 'yan ƙananan na'urori masu arha da ake sokawa a soket ɗin OBD da alƙawarin ƙarin ƙarfi da rage shan mai. Waɗanda aka fasa an tarar ba abin da suke yi sai kunna 'yan fitilu.

Dizal ya fi haƙuri, domin iska kaɗai yake matsewa, sai a ƙarshe a fesa mai, saboda haka okten bai dame shi ba. Iyakarsa zafin hayaƙi ce. Fistin ɗin ƙananan injuna na alminiyam ne, wanda ke narkewa a wajen digiri 660, baƙin mai ne ke sanyaya shi daga ƙasa. Idan hayaƙi ya daɗe sama da digiri 700 zuwa 750 kan fistin yakan tsage. Buɗe famfo da ake yi wa manyan motoci don su ja lodin da ya fi ƙarfinsu mai yake ƙarawa ba iska ba, baƙin hayaƙin da ke tashi kuwa gas ne da aka saya da kuɗi yana fita bai ƙone ba. Duk motar dizal da aka ƙara wa ƙarfi tana buƙatar agogon zafin hayaƙi a gaban direba. Injektocin zamani kuma suna aiki a matsin bar 1,600 zuwa sama da 2,000, ɗigon ruwa ko datti a cikin gas yana kashe su, don haka matata mai raba ruwa ta riga duk wani gyara muhimmanci.

Abin da ke bayan inji

Ƙarfin da aka ƙara sai ya bi ta kuloci da giya kafin ya kai ƙasa. Giyar DSG mai hawa bakwai da busasshen kuloci, wadda ke cikin ƙananan Volkswagen da yawa, iyakarta Nm 250. Giyar CVT da ke Accord da Civic masu lita 1.5 bel ɗin ƙarfe ne ke ja a cikinta, idan murɗawa ta wuce ƙima sai ya fara zamewa, gyaranta kuwa yakan ci kuɗin da ya kusa na inji.

Sai birki da taya. Nisan tsayawa ba ya tafiya daidai da gudu, ninkuwa yake: motar da ke kilomita 140 a awa tana buƙatar kusan ninki biyu na filin da mai 100 ke buƙata, kuma tana cin mita 39 a kowace daƙiƙa kafin ƙafar direba ta kai birki. Man birki na DOT 4 sabo yana jure digiri 230, wanda ya sha danshi kuwa yakan sauko wajen 155, shi ya sa ake juye shi duk shekara biyu. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka ƙera ta, da harafin iyakar gudunta: T kilomita 190, H 210, V 240. Wannan iyaka ta sabuwar taya ce mai cikakkiyar iska, ba ta tsohuwa 'yar Beljiyam da ke kan kwaltar bazara ba.

Dokar hanya ta Najeriya ta yanka wa ƙaramar mota kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi, kuma tun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta wajabta na'urar taƙaita gudu a motocin haya. Daga Dutsin-Ma zuwa Katsina kimanin kilomita 60 ne: minti 45 a gudun 80, minti 30 a gudun 120. Minti 15 ke nan, a hanyar da ke ratsa garuruwa, da babura da garken shanu da yaran makaranta a gefenta. Halastaccen amfanin ƙarin ƙarfi shi ne wuce tirela cikin ɗan lokaci da jan kaya a yashi ko taɓo, kuma wannan murɗawar tsakiyar juyi ce ke yin sa. Motar haya mai ɗaukar fasinja kuwa ba ta da hurumin wuce tsarin kamfani ko kaɗan. Wanda ya sauya inji gaba ɗaya sai ya gyara lambar injin a takardun motarsa, mai sabuwar mota kuma ya sani taɓa kwamfuta yana soke garantin kamfani.

Ga mai motar da ya yanke shawarar a taɓa masa kwamfuta, akwai sharuɗɗan da bai kamata ya sassauta ba. A adana masa kwafin asalin fayil ɗin kamfani kafin a rubuta komai, don a iya mayarwa. A yi gwajin da tsakar rana, da man da ya saba sha, a nuna masa zafin iska da jinkirin wuta kafin aikin da bayansa. Makanikin da ba shi da na'urar nuna waɗannan alƙaluma, kada a ba shi motar.